Shekarar da Na Kai Babanku Gindin Gawo

Na ce da jikata Nana ta ɗauko biro ta zauna, tun da ita Allah ya ba karatun lakol, wato na boko, ni kuma ya ba ni baki. Abin da zan faɗa yau, ku ɗiyan ɗana, na san kun sha jin shi gutsi-gutsi a bakin rijiya da wurin daka, kuma a karkace aka ba ku shi. An ce muku shekarar da babanku ya yi ciwo, ni Habsu na ja shi cikin daji na kai ma iskoki, na yanka musu baƙar akuya, suka sake shi. Har yau akwai tsohuwar da in na miƙa mata fura sai ta daɗe tana bisimilla kafin ta kai baki. To ku buɗe kunnuwanku. Ko ƙadangare ban yanka ba.

Sai kun fara sanin wace ce ni a wurinsa. Babanku ɗan farina ne. Kakannina makiyaya ne, daga arewa suka biyo dabbobi har suka yada zango wajen Sae Sabuwa, suka kama hauya suka zama manoma, amma kunyar ɗan fari ba su baro ta a daji ba, da ita suka shigo gari. Ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ya faɗi a gabana yana ƙarami sai in kau da kai, wata ta zo ta ɗaga shi. Shi ma Yaya yake ce mini, kamar wata babbar ƴar uwarsa. Ranar da aka kawo masa uwarku Sahiya, gidan maƙwabta na tafi na wuni, kamar ban san ana buki ba. Kuma ana yabona da wannan. In za a yi wa sabuwar uwa faɗa a ƙauyenmu na wajen Cadakori, cewa ake yi, je ki ga Habsu ki koyi kunya. Ina jin daɗin yabon nan, ba zan ɓoye muku ba.

A lokacin kakanku ya riga ya rasu, gidan yana hannun wansa, Malam Idi. Damina ta zo mana da gardama, gero bai cika rumbu ba, sai babanku ya bi samari zuwa haƙar zinariya can bayan Agadas. Ya daɗe. Da kaka ta zagayo, ana cikin ɗaure dammuna, sai ga babur na kabu-kabu daga tashar Gidan Rumji, wani abokin tafiyarsa ya riƙo shi a tsakiya. Mutumin ya zauna a zaure ya ba da labari, mu mata muna ji ta bayan zana. Ya ce rami ne ya rufta da su. Abokinsa Lawali ya cika a gefensa cikin duhu, shi kuwa sai da aka yi ta tono kafin a jawo shi. Jikinsa ba karaya, ba komai sai ƴan ƙuje-ƙuje. Amma bakinsa ya rufe. Ko sannu aka ce masa sai ya dube ka kamar daga nesa yake hango ka.

Ba wanda ya yi sakaci, wannan ku riƙe. An yi rubutu ya sha, an yi hayaƙi, an yi sauka. Malam Idi da kansa ya kai shi wurin likita a Gidan Rumji, aka ba shi ƙwaya, kuma ta taimaka, don ya fara samun barci. Sai dai ba ya zama ɗaki. Da an shigar da shi sai ya fito ya tsaya tsakar gida, ko ya kama hanya ya yi ta tafiya. Wata rana makiyaya ne suka maido shi daga nesa, ƙafafunsa duk ƙaya. Malam Idi ya tsorata kada ya faɗa rijiya ko ya ɓace, sai ya sa aka saka shi a ɗakin soro, aka sa kwado. Daga nan abin ya lalace. Mutumin da ba ya ko tari ya koma dukan ƙyaure har farcensa suna jini. Uwarku tana goye da yayanku, tana zaune bakin ƙofar tana kuka, shi yana ciki yana gurnani. Sai aka fara maganar wani gidan malam can gabas inda ake sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa.

Ni kuwa ina tsakar gida ina tankaɗe, kamar ba ɗana ake magana ba. Amma idon uwa ba ya bin dokar kunya. Na lura in aka buɗe ƙofar za a miƙa masa tuwo, ba ya duban akushi, ba ya duban mai miƙowa. Ta saman kanta yake leƙawa, can kan itacen bedi, wato dogon yaro, da ke tsakar gida, kuma numfashinsa sai ya sauka har a maida ƙyauren. Sai na tuna wata karsana ta babana, ina yarinya, da ta faɗa tsohuwar rijiya aka ciro ta da igiya. Ta ƙi garke, ta ƙi turke, ko inuwar bango ta gani sai ta zabura. Babana bai ɗaure ta ba. Ya haɗa ta da wata tsohuwar saniya mai sanyin tafiya, ya bar su suna bin bayan garke a fili, har ta manta da kanta ta sa baki a ciyawa. Na ce a raina, yaron nan daga rami aka ciro shi, mu kuma don ƙauna mun maida shi rami mun sa kwado.

Ranar da maza suka taru a zaure don a tsai da maganar mari, na ajiye rariya, na gyara lulluɓi, na je na durƙusa bakin ƙofa. Duk suka juyo suna kallona. Malam Idi ya ce:

"Habsu, lafiya? Wuta ta kama ne?"

Na ce, "Malam, magana gare ni bisa yaron da ke ɗaki."

Ya dubi mutane, ya dube ni. "Wane yaro? Ɗan farinki? Ke da bakinki?"

"Ni da bakina. A buɗe mai ƙofa a ba ni shi."

"Ki kai shi ina? Likita ya gani, malamai sun gani. Ke mi gare ki?"

"Gona gare ni, Malam. Gonar ƙanenka."

Wani daga cikin dattawan ya yi dariya ya ce, "Jinin makiyaya ya motsa. Kiwo za ta kai shi." Na ce masa ƙwarai kuwa, kiwo zan kai shi, kuma in ya ga dama ya zo in haɗa da shi, akwai wuri. Aka yi dariya, ban da Malam Idi. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce:

"Na ba ki shi zuwa ruwan farko. In ya taɓa wani, ko ya taɓa kanshi, ko ruwa ya sauka yana yadda yake, za a tahi da shi gabas, kuma ba za ki sake durƙusa mani nan ba. Ƙwayar likita kuma ba za a bari ba."

Na ce na yarda. Kafin la'asar labari ya gama gari, wai Habsu ta zubar da kunyarta a bakin zaure. Yabon da na tara tun ina amarya, a wuni guda ya tafi.

Gonar tana da ɗan nisa, bayan wani tudun rairayi. Kakanku yana cikin waɗanda suka fara barin tohon kututture a gona maimakon a sassabe shi ƙarƙaf a ƙone, lokacin ana ce musu ragwaye masu ƙazamar gona. To ƙazantar nan ce ta girma ta zama itatuwa. Akwai kalgo, akwai sabara da aduwa da magarya, ga gawo tsaye nan da can, da wani babba a tsakiya wanda ya girmi kowa a garin. Kun san halin gawo, da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, sai kowa ya bushe sannan shi ya yi kore. Lokacin da muka fara zuwa yana cikin fure. Tun daga kan tudu ƙamshin yake tarbar mutum, wani sanyi-sanyi kamar zuma da sabuwar madara, kuma in ka shiga ƙarƙashinsa sai ka ji kudan zuma suna guɗa a sama kamar ana niƙa can nesa.

Da hantsi muke fita. Ina gaba da gorar fura da tabarma, yana baya, ba na waiwayawa, sawunsa kawai nake saurare. In mun kai sai in tuɓe takalmi in taka rairayi, shi ma na ji ya tuɓe nasa. In shimfiɗa masa tabarma a wannan gefen gawon, ni in zauna a wancan gefen, kututturen yana tsakaninmu. Kuna jira ku ji abin da muke yi? Ba mu yin komai. Zama muke. Kurciya ta yi kuka, wata ta amsa mata daga kan aduwa. Iska ta taɓa busassun karan dawa su yi ƴar ƙara su yi shiru. Awaki su zo su tsaya suna kallonmu, su ga ba mu da abin ba su, su wuce. Da fari ko zaman ba ya iyawa, sai ya tashi ya yi ta kewaya gonar, ni kuma ba na ce masa dawo. Ba bango, ba ƙyaure, ina zai buga? In ya gaji sai ya dawo inuwa da kansa. Daga baya ya fara kwanciya rigingine yana kallon yadda rana ke ratsowa ta cikin ganye. A gida kuma na sa aka kafa masa rumfar kara a gindin bedi, nan yake kwana.

Yanzu ga inda iskokin suka fito. Shirun ya yi mini yawa. Ni da kuka sani, in na fara labari har tuwo ya huce ba a sani ba, a ce in wuni baki rufe? Kuma cikina cike yake da maganar da nake so yaron nan ya ji. Amma ta yaya? Na iya durƙusawa gaban maza, amma in dubi ɗan farina ido da ido in yi masa zance, wannan harshena ya ƙi. Sai wata rana na juya na fuskanci kututturen, na ce:

"Gawo, ina kwana? Kai dai ka san ni tun ina amarya. Bari in ba ka labari."

Na ba shi labarin karsanar babana. Washegari na ba shi na shekarar da fara ta cinye mana gero muka rama muka cinye ta. Da bakina ya saba, sai na shiga ba shi wanda ban taɓa ba kowa ba. Na ce, gawo, akwai wani yaro da na haifa ranar kasuwar Cadakori, da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ce, ka san da aka kai shi ɗakin kakarsa, nakan yi ƙaryar neman allura don in shiga in ga ko ya ci? Ka san ranar da ya faɗi ya fasa goshi na kau da kai, bayan rumbu na je na ciji zanena? Ka san tun da ya tafi arewa, duk motar da ta yi ƙara a hanya sai muciya ta tsaya a hannuna? Ina faɗa ina shafa ɓawon itacen, a ɗaya gefen kuwa ko motsi babu, amma na san kunne yana nan.

A haka Tsahara maƙwabciyarmu ta zo neman itace ta hango ni, tsohuwa durƙushe gaban gawo, tana shafa shi tana magana tana hawaye. Ko sallama ba ta yi ba. Ta yar da igiyarta ta koma gari, kafin mu dawo har an san launin akuyar da na yanka.

Da maganar ta kai kunnen Malam Idi sai ga shi wata rana da sandarsa, yana tafe yana leƙen gindin itatuwa ko zai ga jini ko gashin kaza. Na ce:

"Malam, sannu da rana. Abin da kake nema bai zo ba yau."

Ya ce, "Ni gona na zo dubawa. An hana ni duba gonar ƙanena?"

"Wa ya isa? Ga inuwa, ga hura."

Ya zauna wai zai ga abin da muke yi. Ya yi ta jira a fara tsafi. Kudan zuma suna ta guɗarsu, iska tana kaɗawa. Ban gama tsinke ganyen da na tara a zane ba sai na ji minshari. Malam Idi, mutumin da tun da aka kawo yaron nan bai yi barcin kirki ba, ya jingina da gawo baki buɗe, carbi ya zame masa. Sai na ji wani ɗan sauti daga ɗaya gefen, gajere, ta hanci. Babanku ne ya yi dariya. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsinkar ganye. Da Malam ya farka ya kakkaɓe riga ya ce gonar tana bukatar taki, ya tafi.

Amma dariya ba magana ba ce, kuma lokaci yana tafiya. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, gawo ya zubar da ƴaƴansa awaki suka yi ta rububi. Gabas ta fara haɗa gira da yamma. Shamuwa ta iso. Mutane suka fita sassabe, ni kuma ina duban sama ina duban yaro. Ya yi ƙiba, ya daina zabura, yana ɗaukar yayanku ya riƙe, amma ko kalma ɗaya. Na san Malam Idi ba ya magana biyu.

Wata safiya na ɗauki addar kakanku na wasa ta. Uwarku ta gan ni ina naɗe ta cikin tabarma, ta riƙe mini hannu.

"Inna, don Allah. Adda? In wani abu ya faru hwa?"

Na ce, "Ɗiyata, mijinki manomi ne. An hana mai wuƙa, an hana mai igiya, ko allura ba a bari kusa da shi. Kowa na hwaɗa mai da ido shi abin tsoro ne. Ya za a yi ya yarda shi mutum ne?"

"In Baba Malam ya ji?"

"In ya ji ki ce ni ce."

Ba zan ce muku ban ji tsoro ba. Tafiyar ranar nan, da adda a kaina da sawunsa a bayana, ta fi kowace tsawo. Da muka kai ban je gindin gawo ba. Na tsaya wurin wani kututturen kalgo da ya yi toho cunkus, na ajiye addar a ƙasa, na ja gefe na ba shi baya. Na ce da kalgon, da ƙarfi yadda za a ji:

"Kai kuma ka yi yawa. Mai gonar da ya san wanda za a bari cikinku ya rasu, ni kuwa idona bai gani. Sai dai in sare ku duka in huta."

Na ji ya tako. Na ji ƙarfe ya gogi rairayi. Na rufe ido na kama salati a zuci. Sannan wata murya a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba, ta ce:

"Yaya, ba a sare duka. Wanga za a bari, da wanga. Su ne madaidaita."

Na zauna a inda nake. Na ce da kalgon, to ka ji, mai gona ya yi magana. Ya sunkuya ya shiga aiki yadda ubansa ya koya masa, yana cire raunana, yana aske ƙananan rassa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ya gama wannan ya wuce na gaba. Sai da rana ta take tsaka ya zo inuwa, gumi yana zuba, ya sha fura. Sannan ya yi abin da ban zata ba. Ya juya ya fuskanci kututturen ta gefensa, ya ce:

"Gawo, ni ma ina da labari. Akwai wani abokina, Lawali."

Ya faɗa duka. Abin da ya faɗa nasa ne, ba zan sa a takarda ba. Ya yi kuka irin na manya, mai fita da ƙyar, ni ina ɗaya gefen ina kallon tururuwa suna jan ƙwayar gero. Da ya gama sai na ji kamar an sauke mini dammen da na ɗauka tun ranar da kabu-kabun nan ya tsaya ƙofar gida. Iskar ranar har wani ɗanɗano gare ta.

Da muka dawo ya yi sallama a zaure da bakinsa. Malam Idi ya amsa, ya sake amsawa, sannan ya ce wai hayaƙi ya shiga masa ido, alhali ko wuta ba a hura ba. Ranar da ruwan farko ya sauka, babanku ya naɗe tabarmarsa daga rumfa ya shiga ɗaki da ƙafarsa, ya ce a bar ƙofar buɗe. Aka bari. Malam Idi ya cire kwadon ya maida shi ƙofar rumbu, maganar gabas kuma ba a sake tada ta ba.

Za ku ce don me ban ƙaryata Tsahara ba tun lokacin. In ce me? In tsaya bakin rijiya in ce ba da iskoki nake magana ba, ɗan farina nake gaya wa ina son shi? A wancan zamanin gara a ce mini mai tsafi. Na zaɓi wadda zan iya ɗauka, na ɗauke ta shekara da shekaru, kuma ban sunkuya ba. Yanzu na tsufa, waɗanda nake jin kunyarsu duk sun riga ni, shi ya sa kuke ji.

Abin da nake so ku riƙe kaɗan ne. Har yau in hadari ya yi duhu sosai, ko aka yi rasuwa a gari, kuna ganin babanku ya ɗauki adda ya nufi bayan tudu shi kaɗai. Kada ku bi shi da tambaya, kada ku aika a dawo da shi. Ya san inda yake zuwa, kuma da sauƙi yake dawowa. Ku ma in ƙirjinku ya cushe, a birni kuke ko a ina, ku nemi likita in ta kama, ku yi addu'a, amma ku nemi itace mai inuwa ku tuɓe takalmi ku zauna har numfashinku ya sauka. Gawon nan kuma, ko bayan raina, wanda ya kai masa gatari ban yafe ba.

Nana ta ɗaga kai tana ce mini wai har an kusa gamawa ban faɗi sunan babanta ba, a takarda kuma ana son suna. Ta rubuta in tana so, hannunta ne. Ni dai sau ɗaya sunan nan ya taɓa fita bakina, a gona, ina fuskantar kututture. Gawo ya ji, wanda ke bayan gawon ma ya ji. Ya isa.